Kawu Muniru da Tsire Marar Haraji

Kwana biyu kacal da tafiyar Mma, Kawu Muniru ya faɗo shago da wata takarda mai ninki uku a hannu, ya ce ya gano abin da zai sa mu yi arziki kafin azumi.

Mma ita ce mahaifiyata, Hajiya Fadilatu. Shagon namanta yana Abbey Wood, wata unguwa a London, tafiyar minti biyar daga tashar jirgi. Daga gaba ɗanyen nama ne, rago da sa da kaji. Daga gefe kuma tukuba ce, inda Osmanu ya shekara goma sha huɗu yana gasa tsire da balangu, mutumin da in ya yi magana sau uku a yini, to ranar ya yi surutu. Ni kuwa ban daɗe da dawowa ba bayan shekara bakwai tsakanin Kano da Dubai, flat ɗinmu ya yi mini ƙunci, kullum ina shago ina kallon mutane.

Rufin gidanmu na Kumasi ne ya fara yoyo, Mma ta ce za ta je ta tsaya a kan masu gyara na mako uku. Ranar da za ta tashi ta kira ƙanenta a gaban kowa.

"Muniru, ka yi wankin mota, ka bari. Ka sayar da takalma, ka bari. Ka yi tasi, ka ce fasinjojin London ba su da tarbiyya. Wannan ce ta ƙarshe. In na dawo na tarar da masu sayen namana yadda na bar su, tukuba taka ce, da sunanka a allo."

"Yaya, ninkinsu za ki tarar."

"Ban ce ka ninka ba. Na ce ka bar su yadda suke." Sai ta juyo kaina. "Kai kuma Zaid, ido kawai. Ba hannu, ba baki."

To, ga shi kwana biyu, Kawu ya shimfiɗa takardarsa a kan katakon sara nama. Council ne, wato ƙaramar hukumar yankinmu, ya shirya wa ƙananan 'yan kasuwa lacca kyauta a laburare. Shayi da biskit ne suka kai shi, amma da ilimi ya dawo.

"Zaid, kai da ka zagaya duniya, mene ne VAT?"

"Haraji ne, Kawu."

"Haraji ne, in ji ka. Wannan ko akuya ta sani. Amma ka san yana tsoron sanyi?"

Ya bi layin takardar da yatsa. Ɗanyen nama, babu haraji. Gasasshen nama in ya huce, babu haraji. Amma naman da aka sayar da zafinsa don a ci da zafi, kashi ashirin cikin ɗari na gwamnati ne.

"Shekara goma sha huɗu Yaya tana biyan kuɗin zafi! Zafin da gawayinmu ya kawo! Su suka hura mana wutar?"

Osmanu ya juya tsinke. "Hajiya ta sani. Yana cikin farashi."

"Ta sani, amma ba ta zauna ta yi tunani ba. Daga gobe za mu gasa, mu bari ya huce, mu rage kashi ashirin ɗin nan daga farashi. Mutanen Woolwich za su zo. Mutanen Peckham za su zo. Wanda ya je Croydon sabunta biza, kafin ya koma gida sai ya biyo nan. Osmanu, har na ga motar kai kaya da hotona a jiki, ina murmushi."

Washegari ya zo da fanka biyu masu tsayuwa daga ɗakinsa. Watan Fabrairu ne, sanyin da in ka yi magana a titi sai ka ga hayaƙi na fita daga bakinka. Ya kafa su gefen tukuba, ya rataya ma'aunin zafi a wuya kamar likita.

Wanda ya fara shigowa Zulkiflu ne, direban bas, da rigar aikinsa.

"Osmanu, biyar, a cika yaji."

Osmanu ya sauke tsire biyar, mai yana tsartuwa, ƙamshi ya cika shago. Zulkiflu ya miƙa hannu. Kawu ya riga shi, ya ɗauke farantin ya ajiye gaban fanka, ya soka ma'auni.

"Me ake jira?"

"Doka."

"Wace doka? Break ɗina minti ashirin ne."

"Saura kaɗan. Yana saukowa."

"Mene ne yake saukowa?"

"Haraji."

Zulkiflu ya kalli Osmanu. Osmanu ya kalli silin.

"Kawu, ni fa tsire na zo saya, ba yogot ba."

"Na rage maka kashi ashirin."

"Riƙe ashirin ɗinka, ka ba ni da wutarsa."

"Ba na sayar da wuta. Wuta ta gwamnati ce."

Da ƙyar ma'auni ya amince. Zulkiflu ya gatsa, ya tauna, ya tsaya. Ya sa yatsa ya kankare dasashi, ya duba abin da ya fito, fari fat.

"Kamar na ci kyandir."

"Sabo ne," in ji Kawu. "Turawa haka suke cin nama, ga su nan da jiragen ƙasa a ƙarƙashin kogi."

Matsalar takardar nan ita ce tana da baya. Kowace safiya Kawu ya ƙara karantawa, sai ya gano sabon abokin gaba. Ranar Talata ya gano cewa ajiye nama a wurin da ke riƙe masa zafi shi ma haraji ne, sai ya zare fitilar akwatin gilashin da balangu yake zama a ciki. Ranar Laraba ya gano cewa naɗe nama a abin da ke tsare zafi haraji ne, sai ya kwashe duk foil, takardar nan mai sheƙi da muke naɗe nama, ya kulle a durowa, ya sa makulli a aljihu. Ranar Alhamis ya fita waje shan iska, ya ɗaga kai, ya ga allon shago da manyan jajayen haruffa: HOT SUYA. Ya yi salati. Ai tallata nama da zafi ma haraji ne.

Ya ari tsani, ya hau da gwangwanin fenti. Kalma ɗaya zai shafe, amma tsanin ya girgiza, fenti ya gangara ya cinye rabin sunan Mma da lambar waya gaba ɗaya, sauran ya sauka a kan takalminsa.

"Ya fi kyau haka," ya ce daga sama. "Manyan shaguna ba sa cika rubutu."

Ranar Juma'a aka yi babbar. A shagonmu, tun ina yaro, duk wanda ya tsaya gaban tukuba sai Osmanu ya yanko masa ɗanɗano a bakin wuƙa kafin a yi ciniki. Ko ba ka saya ba, ɗanɗanon naka ne. Akwai kuma benci a jikin bango, wanda dattawa suke zama bayan sallar Juma'a, su ci tsire, su gyara siyasar Ghana da ta Najeriya kafin la'asar. Shugaban bencin Baba Abdul-Salam ne, shekara saba'in da takwas, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa.

Da safiyar ranar Kawu ya karanta layin ƙarshe: abin da aka ci a cikin shago, ko da sanyi ne, haraji ne.

Dattawa suka dawo daga masallaci suka tarar da bencinsu a waje, a bakin titi, ana yayyafi. A bakin ƙofa kuma an ja layi da alli.

Baba ya tsaya a kan layin da sandarsa. "Wa ya yi wannan?"

"Baba, barka da Juma'a. Sabon tsari ne. A saya a ciki, a tauna a waje."

"Muniru, ni na riƙe ka ranar sunanka a Kumasi, ka jiƙa mini sabuwar riga. Yau ni kake ja wa layi?"

"Ba ni ba ne, Baba. Turawa ne."

"Kira mini Baturen."

"Ba ya nan. Amma yana gani."

Osmanu, da hannunsa ya saba, ya riga ya yanko ɗanɗano ya miƙa. Kawu ya yi tsalle ya shiga tsakani kamar mai tsaron gida.

"Kai! Ɗanɗano cin cikin shago ne! Kuma da zafi! Laifi biyu a yanka ɗaya!"

Baba ya sayi tsirensa mai sanyi, ya fita ya tsaya bayan layi. Ruwa ya ƙara ƙarfi. Sai ya bar ƙafafunsa a waje, ya turo kai cikin shago, ya ci gaba da tauna yana kallon Kawu.

"Yanzu fa? Ƙafa a waje, baki a ciki. Na wa ne?"

Kawu ya zaro takarda, ya duba gaba, ya duba baya. "Ba su rubuta wannan ba."

"To ka rubuta musu. Ka ce tauna a ciki nake yi, amma haɗiya a waje." Ya ja kai baya, ya haɗiye, ya sake turowa.

Sauran dattawa huɗu suka jeru kusa da shi, kowa ƙafa a waje, kai a ciki. Ƙofa ta toshe. Wata mata da ta zo sayen kaji ta tsaya minti biyar tana kallon bayan dattawa biyar, ta juya ta tafi.

Maƙwabciyarmu ta dama Juliana ce, 'yar Jos, mai shagon kitso da gyaran gashi. Zulkiflu ne ya fara shiga wurinta da tsirensa, ya tambaya ko tana da abin ɗumama abinci. Ta ce babu, sai dai draya, irin mai kwandon nan da mata ke sa kai a ciki. Ya ce a gwada. Minti huɗu, tsire ya farfaɗo.

Kafin mako ya zagayo, labari ya gama Abbey Wood. Mutum ya sayi tsire a wurinmu, ya fita, ya juya dama. Juliana ta ware draya biyu cikin uku, ta sa fam ɗaya kowane faranti.

Kawu ya ga layi ya miƙe a bakin titi, ya kira ni. "Zaid, zo ka gani da idonka. Tun da aka buɗe shagon nan an taɓa yin layi haka?"

"Kawu, fuskar layin ba nan take kallo ba."

Ya bi layin har kansa. Ya tura ƙofar Juliana, ƙamshin yaji da man gashi suka tare shi. Maza shida zaune a kujerun jira da farantai a cinya, suna duba mujallun kitso. Wani ɗan tasi ya durƙusa gaban draya yana leƙen balangunsa.

"Juliana! Wannan zagon ƙasa ne!"

Ba ta ko ɗago daga kan da take kitsewa ba. "Kawu, ni busarwa nake yi. Abin da mutum ya sa a ƙarƙashin draya, shi ya sani."

"Kina lalata mini tsari! Ni na sha wahala na sanyaya!"

"Kai kana kashewa, ni ina kunnawa. Allah ya ƙara maka basira. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa ganin maza da yawa haka ba. Ɗaya ma ya yi booking ɗin wankin kai."

Matar da ake yi wa kitso ta ce, "Ni dai ban da ƙorafi. Ran nan da na koma gida, maigida ya ce kaina yana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Kwana uku yana bina daga ɗaki zuwa kicin."

Shago ya ɗauki dariya. Kawu ya nuna ɗan tasin da yatsa. "Kai, na rage maka kashi ashirin, ka zo nan ka biya fiye da haka. Ina hankali?"

"Hankalin yana shagonku, Kawu. Kai ka tattara shi duka."

A mako na biyu layin Juliana ma ya fara raguwa. Mutane sun gaji da ziyarar shago biyu a kan tsire uku, sun koma hawa bas zuwa Woolwich. Dattawa sun ɗauke bencinsu zuwa shagon aski. Osmanu yana gasa nama yadda ya saba, ya yi ja, ya yi sheƙi, sannan ya tsaya yana kallon fanka tana kashe shi. Sau ɗaya na ji ya yi magana, shi kaɗai: "Rago ya ba da ransa, a ci shi kamar an ciro daga firji."

Mma ta bugo waya daga Kumasi. Kawu ya ɗauka da murya kamar mai karanta labarai.

"Lafiya lau, Yaya. Wancan makon layi har ƙofar Juliana."

"Har ƙofar Juliana?"

"Har ciki ma."

Ta ce a ba ni. Na ce mata ana ruwa sosai.

Kafin ta tafi, Mma ta karɓi wani aiki babba. Hajiya Basma, mutuniyar Kano mai gida kusa da filin shaƙatawa na Regent's Park a tsakiyar London, ta shekara goma tana sayen nama a wurinmu. Za ta yi walima ranar Asabar ta ƙarshen makonni ukun, raguna uku na balangu. Mma ta daidaita tikitinta ta sauka da safiyar ranar, ta wuce can kai tsaye. Walimar kuwa ta 'yar Hajiya ce, Nimatu, wadda ta ci jarrabawar zama akanta mai ba da shawara kan haraji.

Da Kawu ya ji haka sai ya miƙe tsaye.

"Allahu Akbar! Osmanu, ka ji? Ɗaki cike da masana haraji! Mutanen Abbey Wood ba su gane ni ba, ban yi mamaki ba, direbobi ne da masu kitso. Ranar Asabar zan tsaya gaban waɗanda suka yi karatun abin. Kada ka yi mamaki in sun ce in zo in koyar."

Abin da ya faru da safiyar Asabar, Osmanu ne ya ba ni labari daga baya, a taƙaice. Tun asuba ya gasa ragunan, ya yayyanka. Akwai akwatunan da Mma take kai abincin biki a ciki, masu riƙe zafi. Kawu ya ce ko kusa. Aka jera nama a buɗaɗɗun tire, aka sa a bayan mota, aka sauke gilasai duka huɗu, suka ratsa London haka, Kawu yana tuƙi da hular sanyi a kan zannarsa. Da suka isa, ya soka ma'auni a kafaɗar rago, ya ce har yanzu da sauran ɗumi a ciki. Ya ga gidan yana da lambu ta baya da dogon tebur. Ya ce nan ne daidai, a jera naman a waje ya ƙarasa hucewa.

Ni a lokacin ina Heathrow ina ɗauko Mma. A mota ta ce, "Shago fa?"

"Kin ce ido kawai."

"To me idon ya gani?"

"Abubuwa."

Sai ta fito da carbi.

Muka shiga falon Hajiya Basma, falon da zai haɗiye flat ɗinmu sau huɗu. Baƙi sun fi tamanin, manyan riguna da leshi da turare. Babu wanda ya amsa sallamarmu. Kowa ya juya baya, yana kallon ƙofar gilashin da ke fita lambu.

Gidan ba shi da nisa da tafkin cikin Regent's Park. Fararen tsuntsayen tekun nan masu ƙaton baki, waɗanda ke ƙwace wa yara burodi a hannu, sun ji labari. Sun fi talatin. Kawu yana tsakiyarsu da farar rigar aiki, ma'auni yana lilo a wuya, murfin tukunya a hannun hagu, ludayi a dama.

"Kai! Fita! Na masu ilimi ne!"

Ya kori na dama, na hagu suka sauka. Ya juya hagu, wani ya ɗauki haƙarƙari guda ya tashi da shi, ya yi masa nauyi, ya sake shi a kan motar wani Alhaji a waje, ƙararrawar motar ta fara ihu. Wani ya sauka a kan hular Kawu ya tsaya, kamar shi ma an gayyace shi. Tantabaru suka zo kalen ƙasa. Kawu ya kai duka da ludayi, ya zame a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya kama tebur, tire ɗaya ya kife.

Wata yarinya ta ja zanen uwarta. "Mummy, is that the entertainment?"

Da ƙyar ya ceci tire biyu. Ya shigo da su falo, gashin tsuntsu a kafaɗa, laka a gwiwa, ya ajiye a teburin abinci, ya gyara hula, ya zaro wuƙa. Bai ga Mma ba, tana can baya kusa da labule.

"A matso, a matso. Ni da hannuna zan zuba wa kowa."

Naman ya yi fari, kitse ya daskare a kansa kamar sabulu. Wani dattijo ya karɓa don kunya, ya gatsa, ya daɗe bakinsa bai buɗe ba.

Hajiya Basma ta matso a hankali. "Malam Muniru, wuta aka yanke muku a Abbey Wood?"

"Ko kaɗan, Hajiya. Wannan tsari ne." Ya ɗaga murya don na baya su ji. "Jama'a, naman da ke gabanku babu sisin haraji a kansa. Mai zafi ake caja, mai sanyi ba a caja. Ni na gano, ba wanda ya koya mini. Ga amaryar karatu nan, ta faɗa muku in ƙarya nake."

Nimatu ta fito daga cikin ƙawayenta, tana ta ƙoƙarin haɗe fuska.

"Uncle, wa ya kawo naman?"

"Ni."

"Wa ya jera shi a tebur?"

"Ni."

"Wa yake yankawa yana zuba wa baƙi?"

"Ni da hannuna. Ba na wakilci."

"To wannan hidimar biki ce, Uncle. Catering. Ba a duba zafi ko sanyi. Ko ƙanƙara ka zuba mana a faranti, kashi ashirin yana nan."

Kowa ya juya ya kalli Kawu. A waje ƙararrawar mota tana ta yi.

Kawu ya laluba aljihu ya fito da takardarsa, ta jiƙe, ta manne. Ya yi ƙoƙarin buɗe ta, ta yage biyu.

"Har... har wanda tsuntsaye suka ci?"

"Wannan kam sai na duba littafi."

Wani saurayi mai tabarau daga abokan karatunta ya ce, "Ya danganta. A harabar gida suka ci, ko tafiya suka yi da shi?"

Dariyar da aka yi, har dattijon nan bakinsa ya buɗe.

"Muniru."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma mutane suka dare. Kawu ya ga yayarsa da jakar tafiya a hannu. Wuƙa ta faɗi a tire.

"Yaya! Sannu da hanya. Ya rufin?"

Ba ta kalle shi ba. Ta je gaban Hajiya Basma ta kama hannunta. "Hajiya, shekara goma ban taɓa ba ki kunya ba. Yau na ba ki. Ki yi mini afuwa."

Sai aka ji gyaran murya a bakin ƙofa. Osmanu ne, rungume da wani ƙaton ƙunshi a cikin bargo. Ya ajiye a tebur, ya warware bargon, ya warware foil. Tururi ya tashi har silin. Cinyoyi shida, na ragunan nan uku, ya ɓoye su ƙarƙashin kujerar mota tun daga shago.

"Na ce ko za a buƙata," in ji shi.

Kawu ya leƙa tirensa, ya leƙa ƙunshin. Tun safe yake auna ragunan nan, bai lura ba su da cinya ba.

"A ina ka samu foil? Makulli yana aljihuna!"

"Juliana."

Ba kowa ya ƙoshi ba, amma kowa ya samu yanka mai zafi, kuma Osmanu ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya da ɗanɗano a bakin wuƙa. Hajiya Basma ta ce wa Mma ta bar maganar afuwa, ba a taɓa walimar da baƙinta suka yi dariya haka ba.

Ranar Litinin Mma ta buɗe shago da kanta. Ta yini tana buga waya gida gida, tana ba mutane haƙuri da sunansu. Mai fenti ya zo ya gyara allo, ya tambaya wane suna za a sa a gefen tukuba.

"Osmanu," in ji Mma.

Osmanu ya juya tsinke. Kunnuwansa ne kawai suka motsa.

Kawu ya yi tari. "Ni fa, Yaya? Kuskure ɗaya ne, shi ma na Nimatu ne da ta yi karatu da yawa."

"Kai ka ce arziki yana cikin sanyi, ko?"

"Na ce."

"To ban hana ka ba." Ta miƙa masa doguwar rigar sanyi, da safar hannu, da makullin ɗakin sanyi na bayan shago, inda ake rataye raguna da cinyoyin sa. "Mota tana zuwa ƙarfe shida na safe. Kai za ka sauke, kai za ka rataye, kai za ka goge ƙasa."

Bayan awa ɗaya ya fito, gashin bakinsa ya yi fari, haƙora suna haɗuwa. Zulkiflu yana tsaye gaban tukuba yana hura tsire mai ƙona yatsa.

"Kawu, an ce an yi maka ƙarin girma."

"Dariya kake yi, amma ka duba da kyau." Ya nuna ƙofar ɗakin sanyi da safar hannu. "Duk shagon nan, sashena ne kaɗai gwamnati ba ta samun ko sisi. Yaya ta san wanda ta ba amanar wurin. Nan da shekara biyu, ku dai ku zuba ido."

Yana magana yana matsowa, yana matsowa, har ya cire safar ya miƙa tafukansa biyu a kan garwashi, ya lumshe ido.

Osmanu ya ɗaga wuƙa ya nuna masa baya.

"Muniru, ja can. Ɗumin nan kashi ashirin ne."